Babi na Bakwai: Sabon Kamshaf, Wane Fushirod?

Me zai sa mutum ya sayi babur sabo fil a kan kuɗin da ya isa sayen mota, babur ɗin da injinsa ya fi na wasu ƙananan motoci girma, sannan tun shekara ba ta zagayo ba ya kai shi gareji a buɗe masa ciki? Duk wanda ya fara lura da masu Harley-Davidson a Amurka, musamman masu manyan baburan doguwar tafiya irin su Road King da Street Glide da Electra Glide, sai wannan tambaya ta zo masa. Babur ɗin lafiyarsa ƙalau. Ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai. To me ake nema a cikinsa?

Amsar tana kan titi. Irin wannan babur shi kaɗai yana kusantar kilo 400, wasu ma sun ɗara. Idan mai shi ya hau, matarsa ta hau, aka cika akwatunan gefe da na baya da kaya, nauyin ya haura rabin tan. To a ce suna kan hawa a tsaunukan Rocky, ko a hanyarsu ta zuwa taron masu babura na Sturgis da ake yi duk watan Agusta a jihar Dakota ta Kudu. Ga tirela a gaba tana jan ciki, ga ɗan sararin wucewa ya samu. Mai babur ya murɗa totur a giya ta shida, injin ya amsa, amma da nawa. Sai ya sauko giya ɗaya ko biyu kafin ya wuce. Abin da ya kai shi gareji ke nan: yana son ya murɗa kawai babur ya tafi. Wurin da aka fi samo wannan ƙarfin ba tare da an taɓa fistan da silinda ba kuwa shi ne kamshaf.

Aikin kamshaf

Injin yana aiki ne mataki huɗu: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, ya ƙone su, ya fitar da hayaƙi. Ƙofofin shiga da fita su ne bawul. Wanda ke buɗe su a kan lokaci shi ne kamshaf, wata gajeriyar sandar ƙarfe mai tozaye a jikinta. A injin Harley kamshaf yana can ƙasa kusa da karanshaf, bawul kuma suna can sama a kan silinda, don haka sai an miƙa saƙon hannu da hannu. Tozo ya juyo ya ɗaga tafet, wanda ke da 'yar taya a gindinsa. Tafet ya tura fushirod sama. Fushirod ya ɗaga gefe ɗaya na roka, ɗaya gefen ya danna bawul ya buɗe. Da tozon ya wuce, sifirin ya mai da komai mazauninsa.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan bakanike yana kwance kan injin Honda CG125, ko ɗaya daga cikin baburan China da aka kwaikwaya daga gare shi, ya riga ya ga fushirod da idonsa: sandunan nan biyu sirara da ake zarowa bayan an cire roka. Na Harley huɗu ne, sun fi tsayi da kauri, suna ɓoye cikin bututaye masu ƙyalli a gefen dama na injin.

Kamshaf yana juyi ɗaya ne duk lokacin da karanshaf ya yi biyu. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a cikin sakan ɗaya. A irin wannan gudun, ɗan bambanci a siffar tozo yana sauya halin babur gaba ɗaya.

Kamfani bai jahilci wannan ba. Kamshaf ɗin da yake sakawa sulhu ne tsakanin buƙatu da yawa: dokar hayaƙi, dokar ƙara, shan mai, garantin da ya ba mai saye, da kuma cewa injin ɗaya ne zai tashi a sanyin Minnesota ya kuma jure zafin Arizona. Mai sauya kamshaf yana warware wannan sulhun ne ya ƙulla wanda ya dace da shi.

Lambobin da ke kan takarda

Kowane kamshaf yana zuwa da takarda mai lambobi. Na farko shi ne zurfin buɗewa, wato iya nisan da bawul ke yi daga mazauninsa. Na kamfani a injin Harley mai suna Twin Cam yana wajen inci 0.47. Na kasuwa da yawa suna kai shi inci 0.55, kusan milimita 14 ke nan. Sau da yawa ma sunan kamshaf ɗin daga nan ake ɗauko shi: S&S 475 zurfinsa inci 0.475 ne. Sai daɗewar buɗewa, da ake aunawa da digirin juyawar karanshaf. Sai kuma ɗan lokacin da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba na shiga ya fara buɗewa. Idan wannan haɗuwar ta yi tsawo, ita ke sa injin ya riƙa dukan nan mai tsalle-tsalle a tsaye, wanda wasu ke sayen kamshaf saboda shi kawai.

Ido ya fi saurin zuwa kan zurfi, domin shi ne lambar da ake iya alfahari da ita. Amma ga mai doguwar tafiya akwai wata lamba da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma sau da yawa tana can a tsakiyar takardar ba wanda ya kula ta: lokacin da bawul ɗin shiga ke rufewa.

Lokacin rufe ƙofa

Hankali zai ce da zarar fistan ya kai ƙasa ya gama shaƙa, sai a rufe bawul. Ba haka ake yi ba. Ana barinsa a buɗe har fistan ya fara komawa sama, domin iskar da ta taho a guje ba ta tsayawa nan take, tana ci gaba da cusa kanta.

Wanda ya taɓa shigar da awaki garke da yamma ya san wannan. Idan sun taho a guje, na baya na tura na gaba, in ka ɗan jinkirta rufe ƙofa sai ka ƙara samun wasu a ciki, ko da garken ya yi kamar ya cika. In kuwa suna tafe ne a hankali suna tsinkar ciyawa, jinkirin nan hasara ne, don na ciki za su fara juyowa waje. Haka iska take. Idan injin yana juyi da sauri, bawul mai jinkirin rufewa yana cika silinda fiye da kima. Idan yana juyi a hankali, fistan mai tasowa sai ya tura wani ɓangare na iskar ya koma inda ya fito, abin da ya rage a matse ya ragu, ƙarfi ya faɗi.

Daga nan kamshaf ya kasu gida biyu. Mai saurin rufewa yana ba da ƙarfin ja tun daga ƙasa, sannan numfashinsa ya ƙare da wuri. Misalinsa SE-255 na Screamin' Eagle, sashen kayan ƙarin ƙarfi na Harley ɗin kansa, wanda ke rufe bawul ɗin shiga a digiri 25 bayan fistan ya kai ƙasa. Mai jinkiri kuma, wanda ke kai digiri 45 ko fiye, yana kasala a ƙasa, sai injin ya haura juyi 3,500 ko 4,000 sannan ya farka.

A wane juyi kake wuni?

Wannan ita ce tambayar da bakanike na gari zai fara yi, kafin ya buɗe kundin kaya. Babban babur a giya ta shida, yana gudun kilomita 110 zuwa 120 a awa, injinsa yana tsakanin juyi 2,500 da 3,000 ne. A nan mai shi ke wuni, daga safe har ya sauka masauki. Kamfanin ma ya san haka: injinsa na Milwaukee-Eight 107 yana kai ƙololuwar ƙarfin jansa, kusan Nm 150, a juyi 3,250 kacal.

Ƙarfin doki da ake bugawa a talla lissafi ne: ƙarfin ja a ninka da yawan juyi. Shi ya sa hanya mafi sauƙi ta samun babbar lamba ita ce a tura ƙarfin can sama, wajen juyi 5,500, inda mai ɗauke da mata da kaya ba ya zuwa sai da wuya. Ina ganin babu kuskuren da ya fi yawa a wannan harka kamar sayen kamshaf saboda wannan lambar. Mutum ya kashe kuɗi, ya karɓi takardar gwaji mai ƙarfin doki fiye da na da, ya hau titi ya tarar a juyi 2,500 babur ɗinsa ya fi da can nauyi. Tirelar da ya so wucewa da murɗa ɗaya, yanzu sai ya sauko giya uku. Babur mara nauyi, mai mutum ɗaya, wanda ake wasa da giyarsa, zai ji daɗin irin wannan kamshaf. Mai rabin tan ba zai ji ba.

Sai dai mai saurin rufewar ma yana da nasa kuɗin fito. Tunda yana kama iska da yawa tun da wuri, matsin cikin silinda yana hawa. Injin yana ƙara zafi. Idan fetur ɗin ba mai kyau ba ne, ko rana ta take, ko aka lafta kaya aka murɗa a ƙaramin juyi, sai a ji wata 'yar ƙara ƙyas-ƙyas daga cikin silinda, alamar man yana fashewa da kansa ba bisa tsari ba. Wannan ƙarar tana cin fistan. Sitata ma tana shan wahala wajen tayar da injin mai zafi. Saboda haka ne wasu injunan ke da 'yar ƙofar rage matsi lokacin tayarwa, kamfanin S&S na garin Viola a jihar Wisconsin kuma ya ƙera wasu kamshaf da ke ɗan ɗaga bawul ɗin fita har injin ya kama. Kamshaf da matsin inji tare ake zaɓensu. Mai jinkirin rufewa yana son a ƙara wa inji matsi, mai saurin rufewa kuma ba ya son a ƙara.

Wane inji ne a ƙarƙashinka?

Injin Evolution da ya fito a 1984 kamshaf ɗaya gare shi mai tozo huɗu. Twin Cam da ya gaje shi a baburan 1999 yana da biyu, sarƙa ke juya su. Milwaukee-Eight na baburan 2017 ya koma ɗaya, amma da bawul huɗu a kowace silinda, kowane fushirod yana buɗe biyu a lokaci guda. Ƙofa biyu ba sa buƙatar buɗewa da zurfi kafin iska ta wadata, shi ya sa lambobin kamshaf ɗinsa suka fi ƙanƙanta, kuma kuskure ne a gwada su da na Twin Cam. Ko a cikin Twin Cam ɗin, sifirin ɗin injunan farko ba ya ɗaukar zurfin da na 2005 zuwa sama ke ɗauka. In zurfi ya wuce abin da sifirin zai iya, zai matse har ya zama dunƙulen ƙarfe, wani abu kuma dole ya karye.

Fushirod: na kamfani ko mai saiti?

A nan gardama ta fi zafi, alhali batun ya fi na kamshaf sauƙi. Fushirod ba ya ƙara ƙarfin doki ko ɗaya. Aikinsa ya isar da motsin tozo zuwa roka ba tare da ya lanƙwashe ba, ya kuma bar baƙin mai ya bi ta ramin cikinsa ya hau sama. Abin da ake so a gare shi biyu ne: tsayin da ya dace, da tauri.

Na kamfani sanda ce guda, ba gaɓa, ba noti. Ba ta da abin da zai kwance. Matsalarta ɗaya: ba ta fita sai ta sama. Sai an cire tankin mai, an kwance murfin roka, an ɗaga rokar kanta, sannan a zaro ta. Aikin sa'o'i ne, da sababbin gasket. Don guje wa wannan aka ƙirƙiro mai saiti, wanda ke da gaɓa mai haƙoran murɗi da notin kullewa. Ana gajarta shi a shigar da shi ta gefe, sannan a murɗa ya miƙe. Tsofaffin kuwa datse su ake yi da babban almakashin yanke rodi a zare su gunduwa biyu. Almakashi, ba zarto ko injin gurza ba, domin garin ƙarfen zarto tafet zai zuba wa kai tsaye, daga nan ya bi mai ya zaga inji.

To wanne za a ɗauka? Abin dubawa na farko shi ne bayan tozo, wato zagayen da tafet ke hawa lokacin da bawul yake rufe. Idan faɗinsa a sabon kamshaf daidai yake da na tsohon, fushirod ɗin kamfani zai zauna daram, kuma masu ƙera kamshaf suna rubuta hakan a takarda. Amma wasu masu zurfi sosai ana rage musu wannan zagayen ne don tozon ya samu wurin juyawa, sai tafet ya sauka ƙasa kaɗan, tsohon fushirod ya gaza tsayi. Haka nan idan an kankare kan silinda, ko an sa gasket mai sirantaka don ƙara matsi, tazarar ta ragu, tsohon ya yi tsawo. A waɗannan halaye ba zaɓi: ko mai saiti, ko a auna a sayo guda mai tsayin da ya dace.

In ba haka ba, lissafi ne na kuɗin aiki. Wanda zai biya bakanike da awa, kamar yadda ake yi a Amurka, kuɗin mai saiti kusan yana fitowa daga aikin da aka rage. Wanda zai yi da hannunsa a garejin gidansa, ko wanda dama za a buɗe saman injinsa don sauya sifirin, ba shi da dalilin yar da sanduna huɗu masu lafiya. Ni a nawa ganin, ga babur ɗin da zai yi dubban kilomita nesa da gida da kamshaf matsakaici, sanda guda ta fi kwanciyar hankali. Mai saiti mai kyau, mai kaurin bango, wanda aka ɗaure daidai, shi ma yana shekaru ba a ji kansa ba. Wanda ake gudu shi ne mai araha siriri. Yana lanƙwasawa kaɗan a ƙarƙashin nauyin sifirin ya cinye wani abu daga zurfin da aka saya da tsada, yana gogar bututunsa yana ƙara, in notinsa ya saki kuma a tsakiyar hanya, silinda ɗaya ta tafi hutu.

Yadda ake saitin

A CG125 bakanike yana barin 'yar tazara tsakanin roka da bawul, yana aunawa da siririn ƙarfen awo. A Harley ba a barin tazara ko kaɗan, domin tafet ɗinsa mai aiki da mai ne. A cikinsa akwai wani ɗan ƙaramin fistan da ke zaune a kan baƙin mai, yana da wurin motsi kusan inci 0.200. Idan inji ya yi zafi, silinda da kan silinda suna ƙara tsayi fiye da fushirod, sai ɗan fistan ɗin ya taso ya cike giɓin. Don ya iya wannan aiki, sai an danna shi zuwa wajen tsakiyar hanyarsa tun inji yana sanyi, abin da ya kama daga inci 0.100 zuwa ɗan sama da haka.

Ana ɗaga tayar baya, a cire fulogi, a sa babbar giya, a riƙa juya tayar da hannu har tafet biyu na silinda ɗaya su sauka ƙasa gaba ɗaya. A miƙa fushirod da yatsu har ya daina rawa sama da ƙasa, ba tare da ya fara danna komai ba. Daga nan ake fara ƙirga. Idan gaɓar tana da haƙora 24 a inci, juyi biyu da rabi ya ba da inci 0.104. Idan 32 ne, juyi huɗu ya ba da inci 0.125. Wanda ya ɗauki ƙirgar wani kamfani ya yi aiki da ita a kan kayan wani ya ɓata saitin tun kafin ya ɗaure noti, saboda haka takardar da ta zo cikin kwalin ita ce abin bi. Yawancin makanikai suna ɗiga fenti a gefe ɗaya na notin don kada ƙirga ta ɓace.

Sai kuma jira, wanda shi ne inda masu gaggawa ke faɗawa rami. Lokacin da aka murɗa fushirod, man cikin tafet bai fita nan take ba, don haka bawul ɗin ne ya ɗan buɗe. Sai an ba shi mintuna, wani lokaci goma, wani lokaci fiye da ashirin, man ya tsiyaye a hankali. Alamar ita ce fushirod ya riƙa juyawa tsakanin yatsu biyu ba da ƙarfi ba. Kafin wannan, ba a juya injin ko kaɗan. Wanda ya juya zai iya haɗa bawul da fistan, ko bawul da ɗan'uwansa, ya lanƙwasa shi tun babur bai tashi ba. Sai silinda ta farko ta saki sannan a koma ta biyu.

Tunda an riga an buɗe

Akwai ƙananan kaya a ɗakin kamshaf da ba a kai musu sai an yi duk wannan kwance-kwancen, kuma barinsu ganganci ne. Boris ɗin ciki da kamshaf ke juyawa a kansa ƙaramin abu ne mai araha. Na kamfani yana da keji da allurai kaɗan, shi ya sa aka saba musanya shi da mai cikakkun allurai irin na Torrington, domin sabon tozo zai ƙara masa nauyi, in ya watse kuma gutsattsarinsa har cikin karanshaf. Tafet da ya yi tafiya mai nisa ba a ɗora shi a kan sabon tozo. A Twin Cam na 1999 zuwa 2006, takalman roba da sifirin ke dannawa a kan sarƙa sun yi suna wajen cinyewa, sai a baburan doguwar tafiya na 2007 aka koma masu aiki da matsin mai. Duk mai tsohon inji ya duba su da fitila, har na bayan farantin da ke riƙe kamshaf, wanda ba a gani da sauƙi. Wasu suna cire sarƙar ɗungurungum su sa giya mai haƙora, amma wannan sai an auna karkatar bakin karanshaf an ga ba ta wuce inci 0.003 ba. In ta wuce, giyar za ta yi kuka ta ci kanta.

An rufe inji, an zuba mai, an tayar. Aikin bai ƙare ba. Injin yanzu yana shaƙar iskar da ta fi ta da, amma kwamfutar da ke auna masa fetur da lokacin tartsatsi tana nan da lissafin tsohon kamshaf. In aka hau haka, man zai yi kaɗan a wasu wurare, zafi ya ƙaru, ƙarfin da aka biya kuɗinsa kuma ba zai fito duka ba. Gyaran wannan lissafi yana da nasa hatsari, har da na doka: a 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 bayan hukumar kare muhalli ta Amurka ta tuhume shi da sayar da na'urorin sauya saitin kwamfuta kusan 340,000 da ke ƙara gurɓata iska. Yadda ake koya wa kwamfutar sabon numfashin injin, abin da na'urar gwajin ƙarfi ke nunawa da abin da take ɓoyewa, da kuma inda garantin kamfani ke tsayawa, su ne za mu ɗauka a babi na gaba.